Goji a lambun gida: da ƙwaya za a fara ko da reshe?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu lambu. Tambayata a kan goji ce, jajayen busassun 'ya'yan nan da ake kawowa daga ƙasar Sin ana sayarwa a manyan kantuna. In an cire ƙwayar da ke ciki an shuka, za ta tsiro? In ta tsiro, za ta yi 'ya'ya a yanayi irin na Zariya, ko ganye kawai za a tara? Wurin da ake da shi tsakar gida ce, tana samun rana daga hantsi zuwa la'asar.

Mai_Reno_Kura:
Wa alaikumus salam Hajiya. Tsirowa kam tana tsirowa, muddin ba da zafi mai yawa aka busar da 'ya'yan ba. Ki ɗebi kamar guda 10 ki jiƙa a ruwa mai ɗumi su kwana. Da safe ki murtsuke su a rariya, ki yi ta wankewa har naman ya fita ƙwayoyin su rage. Ƙanana ne, ruwan ɗorawa, ba su kai na tumatir ba. Wankewar nan kada a yi mata ha'inci, don zaƙin da ya rage a jikin ƙwaya shi ke kiran tururuwa da fumfuna. Ki baza su a takarda a inuwa su sha iska yini guda.

Ƙasar reno: yashi kashi biyu, ruɓaɓɓen taki da aka tankaɗe kashi ɗaya. Zurfin shuka rabin santimita, kada ya wuce haka. A ajiye inda akwai haske amma rana ba ta dukan wurin, ƙasar da danshi amma ba sharkaf ba. In zafin wurin yana tsakanin digiri 20 da 25, cikin kwana 10 zuwa 14 za ki ga tsiro, wasu su yi nawa har mako huɗu. Tsiro ya kai santimita 8 zuwa 10, sai a ba kowanne ledarsa.

Baban_Walida:
Kafin a ɓata ƙasa a fara gwaji. A jera ƙwaya 20 a jiƙaƙƙen ƙyalle, a sa a roba mai murfi. In mako biyu ya wuce ko ƙwaya biyar ba su fashe ba, ledar gojin nan an dafa irinta wajen busarwa, a nemi wata.

Malamin_Gona:
Bayanin Mai Reno daidai ne, amma akwai abin da ya kamata Hajiya ta sani tun yanzu. Abin da ya tsiro daga ƙwaya ba lallai ya gaji uwarsa ba. Cikin tsiro goma wani zai zo da ƙaya birjik, wani 'ya'yansa ƙanana masu ɗaci, wani ya yi kyau. Kuma sai an jira shekara biyu zuwa uku kafin a san wane ne wane. Shi ya sa manoman yankin Ningxia na ƙasar Sin ba sa kafa gona da ƙwaya, reshen zaɓaɓɓen iri suke dasawa, irin su Ningqi 1. Reshe yakan yi 'ya'ya a shekararsa ta farko ko ta biyu.

Sannan jinsi biyu ake kira da wannan suna. Lycium barbarum shi ne na 'ya'ya, ganyensa siriri ne dogo. Lycium chinense ganyensa ya fi faɗi, 'ya'yansa sun fi ƙanƙanta da ɗaci, a kudancin Sin ganyen suke yin miya da shi. Dukansu dangin tumatir, barkono da gauta ne. Wannan dangantaka ku riƙe ta, za ta yi amfani in an zo maganar cuta.

Dalibi_Yinchuan:
Rabi na biyu na tambayar Hajiya shi ne mai wuya, don haka bari in faɗi yadda garin goji yake, kowa ya gwada da nasa. Cibiyar nomansa gundumar Zhongning ce a Ningxia, bakin kogin Huanghe. Ruwan sama a can kusan milimita 200 ne a shekara, noman duka na ban-ruwa ne daga kogin. Ƙasar mai kanwa-kanwa ce, rana tarwai, iska busasshiya. Da sanyi dare yakan sauka ƙasa da digiri 10 a ƙarƙashin sifiri, itacen ya zubar da ganye kaf ya yi barci. Wajen Afrilu yake tohowa, a fara tsinka a watan Yuni, a ci gaba har kaka. Ko a can ma 'ya'yan zubi biyu ne, na farkon zafi da na kaka, tsakiyar zafi yakan ja baya.

Wato fari da rana da gishirin ƙasa ba su dame shi ba. Abin da ba mu da shi a gida shi ne dogon sanyin nan da yake hutawa a ciki.

A gefe guda, yankin akwai Musulmin ƙabilar Hui da yawa, kuma goji na cikin shayinsu na baƙi, tare da busasshiyar magaryar Sin, riɗi da sukarin dutse.

Dan_Filato:
To ai magana ta ƙare, ku kawo shi Jos. Tudunmu ya kai mita 1,200, dare a Disamba da Janairu kowa ya san yadda yake. Inda dankalin Turawa da tufa suka yi, goji ba zai gagara ba.

Malamin_Gona:
Ɗan Filato, sanyin kun fi kowa, ban musa ba, amma ka duba sauran. Ruwan Jos ya haura milimita 1,200 a shekara, ninkin na Zhongning sau shida ke nan, kuma yawancin ƙasar Filato tsami gare ta. Goji yana son ma'aunin tsamin ƙasa, wato pH, daga 6.8 zuwa wajen 8. Dankali yana jure tsami, shi ba ya so. Duk mai dasawa a can sai ya yi tudun kunya mai tsawon santimita 30 aƙalla, ya haɗa da yashi, ya barbaɗa tokar itace giram 100 zuwa 200 a kowace murabba'in mita mako biyu kafin dashe. Kuma ya shirya wa baƙin tabon da ke ruɓar da 'ya'ya a Yuli da Agusta, lokacin da ganye ba ya bushewa yini guda.

Dan_Filato:
Na yarda da maganar toka. Ruwan kuma rumfar leda ke maganinsa, yadda masu tumatir na damina ke yi: sama a rufe, gefe a buɗe.

Na_Tawa:
Mu nan Nijar ƙasar da iskar sun fi kama da abin da ɗalibinmu na Sin ya kwatanta, sai dai zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40. Dangin tumatir kowa ya san halinsu, zafi ya tsananta fure ya kaɗe ba tare da ya ƙulla ba. Amma ni ga nawa ra'ayi: in don ɗan itacen da za a busar a ci ne, magaryar aure da ake kira Pomme du Sahel, wadda cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore ta yaɗa, ta fi goji tabbas nesa ba kusa ba. Tana son zafin, 'ya'yanta manya.

Ummu_Hanan:
Na gode Malam, magarya akwai ta a unguwa. Gojin dai ake son gani a tsaye.

Hajiya_Mai_Tukwane:
Ƙanwata, tunda tsakar gida ce, ki manta da haƙa rami, ki sa shi a tukunya. Dalili biyu. Na ɗaya, saiwarsa tana tafiya ta ƙarƙashin ƙasa ta ɓullo da sabon toho nesa da gindi, in ya samu wuri sai ya cika fili da ƙaya. Na biyu, tukunya ana iya janye ta daga rana a bazara, a kai ta ƙarƙashin rumfa a Agusta.

Mafi ƙanƙantar abin da zai zauna ciki bokitin fenti ne mai lita 20. Rabin duro ya fi, don saiwar zurfi take so, santimita 45 zuwa sama. A huda gindin huji 8 zuwa 10 masu faɗin yatsa, a ɗora a kan bulo biyu don ruwa ya samu hanya. Haɗin ƙasa: ƙasar jigawa kashi biyu, yashi kashi ɗaya, tsohon takin shanu kashi ɗaya, da toka cikin ƙaramin gwangwanin tumatir. Laka da ƙasar fadama kada su shiga. Baƙar roba tana dafa saiwa in rana ta doke ta, a shafa mata farin fenti ko a naɗe ta da buhun algarara. Tsohuwar randa da aka huda ta fi duka sanyi.

Baban_Walida:
Hajiya ta ce a zuba tsakuwa a gindi ko kuwa?

Hajiya_Mai_Tukwane:
Ban ce ba, kuma kada a zuba. Tsakuwa a ƙasa ba ta sa ruwa ya fita, sai ma ta sa ya taru a ƙasar da ke samanta, kusa da saiwa. Ɗan guntun raga a kan hujin ya isa.

Injiniya_Ruwa:
Ban-ruwa ne ke kashe mafi yawa, kuma yawansa ne, ba ƙarancinsa ba. A tura yatsa santimita 5 cikin ƙasa, in da danshi a bari. Sabon dashe a rani duk kwana biyu ko uku. Wanda ya kafu a ƙasa, lita 10 sau ɗaya a mako a gindi ya fi ɗan yayyafi kullum. Na tukunya a bazara zai iya neman kullum da safe. Alamar ruwa ya yi yawa tana ruɗarwa: ganye ya yi ɗorawa ya yi yaushi alhali ƙasa a jiƙe, mai shi ya ɗauka ƙishirwa ce ya ƙara. In an zaro saiwa an ga ta yi baƙi tana wari, ruɓa ce. Lokacin da 'ya'ya ke girma kuma kada a bar ƙasa ta bushe ƙayau sannan a malale ta, haka ke sa su tsage, ko gindin ɗan ya yi baƙi irin na tumatir.

Mai_Reno_Kura:
A ƙara da shimfiɗa ɓuntun shinkafa a sama kaurin santimita 5, yana rage zafin ƙasa.

Na_Tawa:
Mai Reno, da sharaɗi: a bar tazarar tafin hannu tsakanin ɓuntu da jikin itacen, in ba haka ba gara ce za ta gode maka.

Tsoho_Mai_Almakashi:
Kun yi ta maganar ƙasa da ruwa, ba wanda ya taɓo aski, alhali a nan ake samun 'ya'ya ko a rasa. Goji in an bar shi da halinsa, dogayen rassa yake miƙawa su faɗo ƙasa su sarƙe, ciki ya yi duhu, fure kaɗan. A sabon toho na shekarar yake fure, musamman ƙananan rassan gefe da ke lanƙwasowa. Aikinka shi ne ka sa ya yawaita su.

Shekarar farko a kafa sanda mai tsawon mita ɗaya da rabi. A zaɓi kara ɗaya mafi ƙarfi a ɗaure shi da tsumma, sako-sako, ba da waya ba. Sauran da ke fitowa daga gindi a cire. Karan ya kai santimita 60 zuwa 70, a tsinke kansa. Zai fito da rassa da yawa, a bar uku zuwa biyar masu fuskantar ɓangarori dabam-dabam, a datse kowanne ya rage santimita 20 zuwa 30. Daga jikinsu rassan 'ya'ya za su fito su zubo. Shekara ta biyu a bar ɗaya ya hau sandar, a sake yin wani hawa a sama da na farko da tazarar santimita 40 ko 50. Tsawo kada ya wuce inda hannu ke kai wa.

Abubuwa uku ake cirewa duk lokacin da aka gan su: tohon gindi, duk reshen da ke ƙasa da santimita 40 daga ƙasa ko yake jan ƙasa, da kuma kakkauran reshen nan da ke miƙewa sama ɗoɗar da sauri. Wannan na ƙarshe shi ke yaudarar sabon shiga, ya fi kowanne kyan gani, amma ci kawai yake ba ya haihuwa. Babban aski kuma sai lokacin da itacen ya huta. A sa safar hannu, ƙayar ba wasa.

Ummu_Hanan:
Baba, to a nan da ba ya barci, yaushe ne lokacin hutun?

Tsoho_Mai_Almakashi:
'Yata, hunturu ne abin da muke da shi, sai a yi amfani da shi. Daga tsakiyar Disamba a rage ruwa sosai, a daina taki, a bar ganye ya zube, wanda ya ƙi a tsige shi da hannu. Bayan mako huɗu zuwa shida a yi aski, a zuba taki, a koma ban-ruwa. Dabarar ba tawa ba ce, da tsige ganye manoman tufa na Batu a tsibirin Java na Indonesiya suke sa itacensu fure ba tare da sanyi ba.

Malamin_Gona:
Ranka ya daɗe, dabarar tana da tushe, amma lissafin watannin ya ba ni tsoro. In ka tashe shi ƙarshen Janairu, furen zai faɗo Maris da Afrilu, daidai zafin da Na Tawa ya ambata. Ni da zan ba da shawara, a bar shi ya lallaɓa ya wuce bazara a ƙarƙashin ragar inuwa mai tare kashi 30 zuwa 40 na rana, a yi askin a ƙarshen Satumba, fure da 'ya'ya su zo daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da tumatir ɗinmu ma ke yin kyau. Kuma ba a yi wa ɗan shekara ɗaya wannan horon ko ta wace hanya.

Tsoho_Mai_Almakashi:
Mai tukunya biyu ya raba, ɗaya nawa ɗaya naka.

Bakatsine_a_Leeds:
Ga 'yan uwa da ke Ingila, matsalarku akasin wannan ce. Sanyi ba ya kashe shi, har a shingen bakin teku yana fitowa da kansa. Rana ce ke ƙaranci, don haka a jingina shi da bangon da ke kallon kudu, a ba kowanne tazarar mita ɗaya da rabi, a yi aski ƙarshen sanyi kafin toho. Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci: akwai wata ciyawa mai yaɗo a shingaye, Solanum dulcamara, furenta shunayya ne, 'ya'yanta ja, kuma guba ce. Furenta yana da tsinin rawaya a tsakiya, fatun furen sun lanƙwashe baya, 'ya'yan a gungu suke. Kada yara su saba tsinkar jan ɗa a hanya don sun ga na gida.

Ummu_Hanan:
To ka aiko mana da reshe mana, Malam, a huta da jiran shekara uku.

Bakatsine_a_Leeds:
Hajiya, ba a cusa ɗanyen reshe a akwati haka nan. Shigo da shuka Najeriya sai da izinin hukumar killace kayan gona ta NAQS da takardar lafiyar shuka daga ƙasar da ta fito.

Malamin_Gona:
Kuma dokar da dalilinta. Akwai wani ƙwaro da ido ba ya gani, Aceria kuko, da ke bin dashen goji daga ƙasa zuwa ƙasa. Alamarsa ƙananan ƙuraje masu kumburi a ganye. In an gani, a yanke reshen a ƙone. A nan ƙwaya ta fi reshe, don ba ta zuwa da shi.

Sauran abokan gaba namu ne na gida. Kada a yi amfani da ƙasar da aka noma tumatir, barkono ko gauta, saboda tsutsar da ke sa saiwa ƙulli-ƙulli. Darɓa da farin ƙuda suna taruwa a sabon toho, jan gizo-gizon nan ɗan mitsitsi kuma yana bayan ganye lokacin zafi da ƙura. Maganin farko: ƙwayar darbejiya da aka daka giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, ta kwana, a tace, a ɗiga sabulu kaɗan, a fesa da yamma har bayan ganye, a maimaita duk mako. Farar ƙurar da ke rufe ganye kuma alamar cunkoso ce, a buɗe tsakiyar itacen iska ta ratsa. Mai fesa farar wuta kada ya yi in zafi ya haura digiri 30, ganyen zai ƙone.

Baban_Walida:
Taki fa? Ba wanda ya ba da awo.

Mai_Reno_Kura:
Kaɗan. Na tukunya cokalin cin abinci ɗaya na NPK 15-15-15 duk mako shida lokacin da yake toho, a gefen tukunya ba a jikin kara ba, a bi da ruwa. Yuriya da ɗanyen kashin kaji a bar su, ganye za su ba ka shar, fure babu. Kuma kada a zuba toka da takin zamani rana ɗaya, tokar na korar ƙarfin takin ya bi iska.

Hajiya_Mai_Tukwane:
In Allah ya sa ya yi 'ya'ya, tsuntsaye za su riga ki. Wasu na rufa tsohon gidan sauro, amma goji fure da nunannen ɗa tare suke a reshe ɗaya, gidan sauro kuma yana hana zuma shiga. Itace ɗaya yana iya haihuwa shi kaɗai, amma da ƙwari ya fi ƙullawa. Raga mai ido kamar santimita 2 ta fi. A tsinka sai ɗan ya yi ja sosai ya ɗan yi laushi, a hankali, don inda ya murje nan yake baƙi. Kore ba a cinsa.

Dalibi_Yinchuan:
Wajen busarwa, fatar tana da maiƙo a jiki da ke hana ruwa fita, shi ya sa manoman can suke tsoma 'ya'yan a ruwan soda kafin shanya. Kanwarmu danginta ce: giram 20 zuwa 30 a lita, a tace, a tsoma kamar minti ɗaya, a tsane, a baza a faifai ba tare da sun hau juna ba. Kada a juya su kwana biyun farko. Mai amfani da na'ura ya fara da digiri 45, kada ya wuce 60, in ba haka ba zaƙin ya tsatso su yi danƙo su yi duhu. Ɗanye kilo huɗu zuwa biyar ke ba da busasshe kilo ɗaya, don haka daga tukunya biyu a ci ɗanye kawai.

Nas_Maryama:
Ku yi haƙuri in katse ku. Duk mai shan maganin tsinka jini warfarin ya nisanci goji da shayinsa, an samu waɗanda haɗin ya jawo musu zubar jini. Masu shan maganin suga ko hawan jini su tambayi likitansu kafin su mayar da shi abin kullum. Tallan da ake yi masa na maganin komai kuma, ɗan itace ne kawai.

Ummu_Hanan:
Allah ya saka, Nas. To mu koma kan ƙwayar, tunda ita ce a hannu. Wane wata za a shuka, kuma guda nawa za a rena?

Mai_Reno_Kura:
Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, zafi ya sauka. Ki rena 12 zuwa 15 a leda, bayan wata huɗu ki zaɓi huɗu masu kaurin kara da ƙarancin ƙaya ki sa a tukwane. Wanda ya fara ba da ɗa mai daɗi shi ne uwa: ki yanki reshensa mai kaurin fensir, tsawon santimita 15 zuwa 20, ki binne kashi biyu cikin uku a yashi mai danshi a inuwa, ko ki haƙo tohon gindinsa da saiwarsa. Sauran a tumɓuke.

Injiniya_Ruwa:
Ni Nuwamba ba ta kwanta min ba. Tsiron zai shiga bazara yana ɗan wata huɗu, saiwa ba ta yi zurfi ba, leda kuma tana ɗaukar zafi. Farkon Yuni a ƙarƙashin rumfa ya fi, ya samu wata tara kafin Maris.

Mai_Reno_Kura:
Injiniya, a Yuni da Yuli laima ce ke kwantar da tsiro, karan ya sirance a daidai ƙasa ya faɗi, dare ɗaya tire guda ya tafi. In dai za a bi taka, to a turara yashin da tafasasshen ruwa kafin shuka, a riƙa ba da ruwa ta ƙasan tire, kuma kada a shuka da cunkoso. Ledar goji ɗaya tana da ƙwayar da ta ishi shukar Yuni da ta Nuwamba duka, Hajiya ta ajiye rabi a busasshiyar kwalba a wuri mai sanyi.